Mai gadinsu da ɗan daudunmu

Duk ɗan arewa da ya zo karatu kudu ya san wani mutum guda a finafinan Nollywood. Mai gadi ne, sunansa Musa ko Adamu, da 'yar hula da goro a baki, Turancinsa a karye. Aikinsa ya buɗe ƙofa, ya tafka shirme, maigida ya daka masa tsawa, a yi dariya. Ba shi da uwa, ba shi da gari, ba a taɓa nuna abin da ya baro a gida ba. Kuma mun san inda abin yake ƙarewa: ka shiga aji da digirinka, wani ya kira ka "aboki" da wata irin murya, ka gane cewa ba kai yake gani ba, Musan fim yake gani.

To 'yan uwa, mu ma muna da namu mai gadin a finafinan Hausa. Ɗan daudu.

Kafin wani ya ɗauko wuƙa: ban zo halatta wa kowa komai ba. Abin da addini ya ce game da luwaɗi a bayyane yake, kuma ni ba malami ba ne balle in ƙara ko in rage. Dokar ƙasa ma tana nan, wadda Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014, mai ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi. Maganata kan fim ce, fannin da nake digiri na biyu a kai, da kuma abin da fim yake koya wa ido.

Ku tuna yadda ake fito da shi. Ɗaurin zane a ƙirji, karya wuya, tafa hannu, "ke ƙawata", habaici, sai a yi cacar baki, wani ƙato ya biyo shi da gudu, shi ke nan. Marigayi Rabilu Musa Ibro ya yi Ibro Ɗan Daudu, Ado Gwanja ma da irin wannan fitowar mutane da yawa suka fara saninsa. Ba ina rage musu gwaninta ba ne, wallahi sun iya, kwaikwayon murya da tafiya ba ƙaramin aiki ba ne. Matsalar tana wajen masu rubuta labari. Shekara da shekaru mutum ɗaya suke rubutawa, suna canza masa suna kawai. Ƙarshensa kuma biyu ne: ko ya sha duka a yi dariya, ko a minti biyar na ƙarshe malami ya yi masa nasiha ya fashe da kuka, murya ta koma ta maza nan take kamar an kunna makunni.

Alhali wanda ya taɓa cin abinci a tasha ya san 'yan daudu na gaske. Su ne ke tuƙa tuwo da asuba, su soya kaji, su yi girkin biki. Akwai mai mata da 'ya'ya a cikinsu, akwai mai riƙe da tsohuwarsa a ƙauye da kuɗin shinkafa da miya. Bahaushe ma tun asali bai ce kowane ɗan daudu ɗan luwaɗi ba ne, kalmomin biyu ne kuma ya san bambancinsu. Wani Ba'amurke, Rudolf Gaudio, ya zauna da su a Kano ya rubuta littafi sukutum, Allah Made Us, a 2009. Abin ya tsaya mini a rai: baƙo ya tsallako teku ya saurare su, mu da muke sayen tuwonsu ba mu taɓa rubuta fim ɗaya da zai tambayi yadda yaro ya bar gidan ubansa ya ƙare a bayan tukunya a tasha ba. Wa ya kore shi? Wa ya karɓe shi? Me yake ji idan ya shiga sahun sallah mutane suka matsa? Ko wa'azi kake son yi da fim ɗinka, ai sai ka san mutumin tukuna.

Abin da ya sa na rubuta wannan shi ne wani ƙaninmu ɗan aji ɗaya, ɗan arewa kamar mu. Allah ya yi shi da siririyar murya da sanyin jiki, iyakar abin da kowa ya sani game da shi ke nan. Ba a yi wata guda ba aka laƙaba masa sunan wani ɗan daudun fim. Idan ya shigo ɗakin kallo sai a fara tafa hannu ana "ahayye". Ya daina zuwa taron ƙungiyarmu, ya daina cin abinci tare da mu, sallah ma sai ya bari an watse. A garin da mu duka baƙi ne, inda ɗan uwanka ɗan arewa shi ne danginka. Kuma masu yi masa haka su ne dai waɗanda ransu ke ɓaci idan aka ce musu "aboki". Da na yi wa ɗaya magana sai ya ce, "Haba yaya, wasa ne fa." Ɗan ajinmu da ke kwaikwayon Turancin mai gadi shi ma haka yake cewa.

Na san wani zai ce, to Turawa fa da suke cusa mana abin a kowane shiri? Ni ma ina gani. A shirye-shirye da yawa na Netflix za ka ga an jefo mutum cikin labari ba don labarin yana buƙatarsa ba, sai don a ce ga shi an saka. Wannan ma ragwancin rubutu ne, ado aka yi da shi, ba mutum aka rubuta ba.

Amma a nan Afirka an yi finafinan da suka ɗauki batun da gaske, ko ka yarda da su ko ba ka yarda ba. Rafiki na Wanuri Kahiu, wanda Kenya ta haramta a 2018. Ìfé da Pamela Adie ta shirya a 2020, wanda bai shiga silima a Najeriya ba. Da na Babatunde Apalowo kan wasu samari biyu a Legas, wanda ya ci kyauta a bikin finafinai na Balin a 2023. A wannan na ƙarshen kusan babu hayaniya, shiru ne ya fi yawa, da tsoro, da mutumin da ya rasa yadda zai yi da kansa. Ba ina cewa Kannywood ta yi irinsu ba, hukumar tace finafinai ta Kano ba za ta bari ba, masu kallo ma ba za su karɓa ba. Amma ya kamata a rubuta ɗan daudu mai uwa, mai bashi, mai ciwon baya saboda tsayuwa gaban murhu.

Yaron nan dai yana nan, jarrabawa saura mako uku. Waɗanda suka san shi sun san wanda nake nufi, kuma don Allah kada wanda ya rubuta sunansa a ƙasan nan. Ranar Juma'a akwai taron ƙungiya bayan la'asar, zan biya ta ɗakinsa mu taho tare.