Kwamfutar Haɗi Ko Ta Kamfani?

Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta bar jarrabawar takarda, ta koma ta kwamfuta. Sa'ad da 'yarmu ta fari ta shiga ajin ƙarshe na sakandare a 2023, sau biyu kaɗai ta taɓa ɗora yatsa a kan na'urar. Muka zauna da dare mu biyu, muka ƙidaya abin da ke hannu: kuɗin albasa, da kwasar adashe, da tunkiya guda.

A shekarar nan kuwa aka janye tallafin man fetur, darajar naira kuma ta faɗi, kayan waje suka yi tashin gwauron zabo. Sabuwar HP ko Dell a kwali ta fi ƙarfinmu. Sai wani saurayi mai gyara a Sakkwato ya ce mu yi haɗi. Ya sayo kayan ɗaya ɗaya daga Kano, waɗansu sababbi, waɗansu na hannu, ya harhaɗa mana ta tebur a gaban idonmu. Kuɗin bai kai rabin na sabuwa ba. Muka ɗauko ta zuwa Boɗinga muna murna.

'Yan'uwanmu na Shagari su ma suna da ɗa mai jarrabawa. Suka sayi ta kamfani, tafi-da-gidanka, ta hannu. Sun biya fiye da mu, har muka yi musu dariya a ɓoye.

Ashe ba mu sa wuta cikin lissafi ba. Tamu ba ta da batir. In an ɗauke wuta sai ta mutu nan take, da aikin yarinyar duka. Dole mu ta da janareta, ga shi litar fetur ta haura naira 500. Tasu kuwa cajarta wat 65 ce, ƙaramar sola ta ishe ta. Kowane mako abin da muka rage a shago yana tafiya gidan mai, kaɗan kaɗan, ba mu ji ba.

Amma fa kada mu zalunci na'urarmu. Da ƙurar hunturu ta kashe fankarta, da safe muka shiga Sakkwato, kafin la'asar an sa wata da ɗan kuɗi kaɗan. Su kuwa da allon tasu ya fashe, sai da aka aika Ikeja neman irinsa, suka yi mako uku suna jira, suka kuma biya da tsada. Kayan haɗi kowane mai gyara yana da madadinsu, na kamfani kuwa sai nasa.

Saura mako biyu jarrabawa kuɗin mai ya ƙare mana. Muka haɗiye dariyarmu, muka sa yarinyar a mota zuwa Shagari, ta ƙarasa koyo a kan ta 'yan'uwanta. Yanzu ƙanenta yana tasowa. Ba mu sayar da na'urar ba, kwasar adashen bana dai ta mai sola ce.