Yadda Muka Nemi Abincin Dare A Birnin Gwanzu Ranar Jajiberin Bikin Sinawa

A wannan mako muna so mu ba ku labarin wani dare da ya same mu a birnin Gwanzu na ƙasar Sin, watau birnin da Turawa suka daɗe suna kira Kanton. Mun ga ya dace mu rubuta shi ne saboda 'yan'uwanmu fatake masu zuwa sarin kaya can, da ma'aikatan da akan tura kwas ko taro, domin kada abin da ya same mu ya same su.

Mu huɗu ne: 'yan kasuwa uku, da wani dattijo tsohon ma'aikacin gwamnati wanda ya shiga harkar kayan gini bayan ya aje aiki. Niyyarmu mu bar garin tun tsakiyar Janairu na 2019, amma dillalin da ke yi mana lodin kaya ya yi ta ja mana rai, yau gobe, har bikin sabuwar shekarar Sinawa ya riske mu. Wannan biki ba shi da tsayayyar rana a kalandar Turawa, yana faɗowa ne tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. A shekarar nan ya faɗo ranar Talata 5 ga Fabrairu, jajiberinsa kuwa Litinin. Masana'antu sukan rufe mako biyu ko fiye, ma'aikata kuma su ɗunguma zuwa garuruwansu, har hukuma takan keɓe kwana 40 domin jigilar masu tafiya da masu dawowa.

A unguwar Shawbe muka sauka, inda baƙi daga Afirka da ƙasashen Larabawa suka fi zama. A ranakun kasuwa, mutum ba ya wahalar abinci a nan. Akwai shagunan taliyar Lanzu, wadda ake ja da hannu a gaban mai saye, akwai masu gashin nama daga Shinjan, akwai kuma gidajen abincin Larabawa da na Turkawa. Abin da muka manta shi ne, masu waɗannan shaguna su ma baƙi ne. Galibin masu taliya Musulmi ne daga lardunan Cinghai da Gansu, can arewa maso yamma, kuma hutun nan shi ne damarsu ta ganin gida. Da la'asar muka fito, sai muka tarar duk inda muka saba ci an ja ƙofar ƙarfe, an manna 'yar takarda mai ɗauke da ranar dawowa. Lalle baƙo ko da ido makaho ne.

Abin da ya tsananta al'amarin shi ne Baba dattijo yana da ciwon suga, ya kuwa sha maganinsa tun rana bisa zaton abinci na kusa. Sai muka yanke shawara mu tafi Masallacin Huwaishen mu yi Magariba, tun da ba a rasa mai abincin halal a kusa da masallaci.

Wannan masallaci yana kan titin Gwanta, yana kuma cikin mafiya daɗewa a ƙasar Sin. Hasumiyarsa doguwa ce mulmulalliya, ba zane ba ado, tsawonta wajen mita 36, kuma daga gare ta titin ya sami suna, watau Hasumiyar Haske. Musulmin garin suna danganta ginin da Sahabi Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, Allah Ya yarda da shi, har akwai hubbaren da suke jinginawa gare shi a wani sashen birnin. Amma abin da littattafan tarihinmu suka tabbatar shi ne ya rasu a Aƙiƙ kusa da Madina, aka rufe shi a Baƙi'a. Abin da babu gardama a kansa shi ne, fataken Larabawa da Farisawa sun zauna a wannan unguwa tun zamanin daular Tang, fiye da shekara 1,000 da suka wuce, suna kiran garin Khanfu. Ibn Baɗuɗa ma, a ƙarni na 14, ya ambaci unguwar Musulmi a nan mai masallaci da kasuwa da alƙali. Ashe fatauci ne ya kawo na farko, kamar yadda ya kawo mu.

Rana ta faɗi wajen ƙarfe 6 da kwata. Da muka idar, wani bawan Allah ya kwatanta mana wani babban gidan abinci na Musulmi, tafiyar 'yan mintoci. Muka same shi a buɗe, fitilu tar, ƙamshin soyayyar agwagwa yana tashi, amma ko kujera ɗaya babu. A al'adar Sinawa, cin abincin daren jajiberi shi ne ƙashin bayan bikin duka. Iyali sukan taru kaf, daga kakanni har jikoki, a zagaye teburi guda, kuma a manyan birane akan kama tebur tun da sauran makonni. Yarinyar da ke bakin ƙofa ta nuna mana littafinta cike da sunaye, ta girgiza kai. Muka yi godiya muka juya.

Muka nufi gabas a ƙasa, ba mu ankara ba sai ga mu a tsakiyar kasuwar furanni ta titin Shihu. Mutanen Gwanzu ba su ɗaukar shekara ta shiga sai sun zaga wannan kasuwa, wadda ke ci a kwanakin ƙarshe na shekara har tsakar daren jajiberi. Kai, ba mu taɓa ganin cunkoso irin wannan ba sai a Mina. Wannan ya rungumo tukunya mai ɗan itacen lemo, wancan ya saɓo reshe mai jan fure ya ɗaga shi sama kada a karya, yara suna riƙe da 'yan fanka na takarda masu juyawa da iska. Ko'ina ja, ko'ina ganga. Shekarun Sinawa kuwa suna zagayawa ne bisa sunayen dabbobi 12, kuma wadda za ta shiga a daren ta alade ce, saboda haka hotonsa ne a kan fitilu da jikin kantuna.

Abinci kam ga shi nan birjik a lunguna, sai dai ba namu ba ne. Dafuwar mutanen kudancin Sin ba ta rabuwa da naman alade, da kitsensa ake yin cincin da gurasa iri-iri, akan kuma zuba giyar shinkafa a miya. A nan ne ƙaramin cikinmu ya ga gumi na karyo wa Baba ga sanyi ana yi, ya ce, "Baba, ai lalura ta sami wuri. Mu shiga nan a soya muku kifi da shinkafa." Baba ya dafa bango ya huta, sa'an nan ya ce, "Yaro, kifi halal ne, ba mu musu. Amma da wane mai za a soya, a wane kasko? Rangwamen da aya ta 173 ta Suratul Baƙara ta yi, na wanda ya rasa komi ne har yana tsoron halaka. Ga mai lemo can, je ka sayo." Aka sayo lemo da ayaba da gyaɗa, ya ci, idonsa ya washe. Hausawa sun ce da ruwan ciki akan ja na rijiya.

Wajen ƙarfe 9 muka kama hanyar masauki, mun fid da rai. A wani lungu sai muka hangi koren allo mai haruffan Sinanci guda biyu da muka sani, waɗanda ake karantawa Cingjan, watau halal. Ƙofar a rabin ja take, haske na fitowa ta ƙasa. Muka sunkuya muka yi sallama. Aka yi shiru, can sai muka ji an amsa. Wani magidanci mai farar hula ya ɗage ƙofar, ya dube mu, ya dubi Baba, ya matsa gefe.

Iyali ne daga Cinghai, shi da matarsa da mahaifiyarsa da yara biyu. Ta wayar da ke yi mana tafinta ya gaya mana ba su sami tikitin jirgin ƙasa ba, shi ya sa suka zauna. Ba ciniki suke yi ba, nasu abincin suke ci. Nan da nan aka haɗa tebur biyu. Aka kawo dafaffen naman rago wanda ake ci da hannu da gishiri da tafarnuwa, da wata soyayyar gurasa mai kama da fanke, da shayi mai sukari ƙanƙara da dabinon Sin, wanda ɗan'uwan magaryarmu ne. Maigidan ya tashi ya ja mana taliya kwano huɗu. Tsohuwar ba ta cewa komi, sai dai ta yi ta tura wa Baba nama gabansa. Da muka tashi biya, ya karɓi kuɗin taliya kawai, ya ce naman na gida ne, ba a sayar wa baƙo abincin gida. Muka yi musu addu'a, suka shafa tare da mu.

To, ga abin da muke jan hankalin matafiyi a kai. Ya duba ranar wannan biki kafin ya yanki tikiti, ya gama lodi da aƙalla mako uku kafin ta. In ta riske shi, ya tanadi guzuri tun da sauran kwana uku, ya kuma nemi masauki mai wurin girki. Ya sa a rubuta masa haruffan Cingjan a takarda ya haddace kamanninsu, domin tun wajen 2018 an cire rubutun Larabci daga allunan shaguna da yawa a ƙasar. Mai ciwon suga kuwa kada ya fita sai da dabino a aljihu.

Mu kuma da ke gida, mu tuna akwai baƙi a garuruwanmu ranar Salla, lokacin da masu abinci suka rufe kowa ya koma cikin iyalinsa. In mun ji sallama a zaure, mu fito mu amsa.

Allah Ya saka wa mutanen nan da alheri, Ya mai da kowane matafiyi gida lafiya, amin.