Wutar da Ta Mutu, Ruwan da Bai Huce Ba

Ƙasar Gwarzo da Kabo shimfiɗaɗɗiya ce. Wanda ya taso daga Kabuga ya ɗauki titin Gwarzo, ya wuce Rimin Gado da Garo, ba abin da zai tare masa ido sai kuka da ɗorawa da rimi, sai kuma karan dawa idan kaka ta yi. Ruwanmu ma a kwance yake, a madatsun Guzuguzu da Magaga, ba ya faɗowa daga ko'ina, ba ya ɓulɓulowa daga ko'ina. Duwatsun da muka sani falale ne masu faɗi, waɗanda mata ke shanya a kansu, awaki kuma su sha hantsi. Saboda haka idan aka gaya wa yaron Kabo cewa akwai dutsen da ke aman wuta, yakan ajiye maganar a gefen tatsuniya, ko ya ɗauka abu ne na mutanen Indunusiya da Italiya.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da labarin ƙasa a wata makarantar sakandare a Gwarzo. Kowace shekara nakan zana dutse a allo, in yi masa maƙogwaro da jan alli, in ba ɗalibai labarin Besubiyas da ya binne birnin Fomfe a shekara ta 79, da Nyiragongo da ya malalo cikin garin Goma na Kwango a 2002. Daga nan sai in gaya musu abin da ke sa su kalli juna: Jihar Kano ma tana da nata. Tsaunukan Riruwai, a ƙaramar hukumar Doguwa, can ƙarshen kudancin jihar, saiwar wani dutse ne da ya yi aman wuta kimanin shekaru miliyan 170 da suka wuce. Ruwa da iska sun cinye kansa, suka bar gindinsa a zagaye kamar murhu.

Wannan na san shi a takarda. Mahaifina kuwa da hannu ya san shi. Tun kafin a haife ni ya yi rani bakwai a Riruwai yana aikin kuza, kamar yadda samari da yawa na ƙasarmu suka riƙa yi da zarar an kai amfani gida. Da farashin kuza ya rushe a kasuwar Landan cikin Oktoban 1985, aikin ya durƙushe a ko'ina a Arewa, shi kuwa ya riga ya dawo gonarsa a Kabo. Bai sake taka garin ba, kuma ba ya son hirarsa. Idan wani ya ambaci Riruwai a majalisa, sai ya ce ƙasa ce mai sanyi, ya juya zancen zuwa farashin taki.

A daminar bara likitan ido a Kano ya tabbatar mana cewa hawan jinin ido ne ke damun Baba. Ya yi mana bayani ba tare da ɓoye-ɓoye ba: abin da ya tafi ba zai dawo ba, magani rage gudun ciwon kawai zai yi. Gani ya fara tsukewa daga gefe, har ya zama Baba yana kallon duniya kamar mai leƙe ta cikin kara. Mako biyu bayan haka, muna zaune bayan sallar isha'i, ya kira ni da sunan da yake kirana tunda na fara koyarwa, domin ni ne ɗan fari, bai taɓa ambaton sunana na yanka ba.

"Malam," ya ce, "ina so ka kai ni Riruwai kafin hazo ya sauko."

Gida ya ɗauki magana. Yayyensa mata suka ce tsoho mai shekara saba'in da ciwon gwiwa ba shi da abin nema a kan dutse. Ƙannena suka kawo batun dajin Falgore da labaran da ake ji a kansa. Inna ba ta ce komai ba, sai da safe na ga ta ɗaure masa bargo da dakakken ƙuli. A wurina wannan ya yanke magana. Na ƙara wa tafiyar zango guda daga aljihuna: idan mun sauko, za mu zarce Yankari, ya jiƙa gwiwoyinsa a ruwan Wikki.

Mun tashi a farkon Nuwamba, muka bi ta Kwanar Ɗangora da Tudun Wada, muka ratsa Falgore da rana tsaka. Tun daga nesa ƙasa ta fara tashi, iska ta sauya. Birnin Kano bai kai mita 500 daga doron teku ba, tsaunukan Riruwai kuwa sun haura mita 1,000, su ne mafiya tsawo a jihar. A garin aka haɗa mu da wani mafarauci, magidanci mai ƙarancin magana, wanda ya san hanyoyin dutsen. Ya dubi Baba daga sama har ƙasa, ya dubi takalminsa, sa'an nan ya ce ba za mu nemi ƙololuwar da ta fi kowace tsawo ba, akwai wata kafaɗa da ke fuskantar gabas, ita ce daidai da mu. Ya sare wa Baba sandar gora, ya ce mu kwanta da wuri.

Ƙarfe huɗu na dare muka fita da tocila biyu da butar ruwa. Sanyin wurin irin wanda sai tsakiyar hunturu muke jinsa a Kabo ne. Jagoran yana gaba, Baba na tsakiya da hannu ɗaya a kafaɗarsa, ni ina baya ina haska ƙafafunsu. Ban taɓa ganin ana jan mutum da irin wannan ladabi ba. Ba ya cewa "yi hankali", sai dai ya faɗi abin da ke gaba: "Baba, taki uku, sai tudu." "Baba, nan akwai santsi, dafa hagu." Duk bayan ɗan lokaci sai ya tsaya kamar zai gyara igiyar takalminsa, alhali so yake tsoho ya huta ba tare da ya roƙa ba. Da alfijir ya keto muka yi alwala da ruwan butar, mai sanyi kamar ƙanƙara, muka yi sallah a kan wani falale, Baba ya ja mu.

A sauran hawan ne na fara jin wani mutum da ban sani ba yana magana da bakin mahaifina. Ya tsaya ya shafa wani dutse, ya ce wannan ba shi da komai. Ya shafa wani, ya ce wannan ya dafu, a bi shi za a sami jijiya. Ya ɗebi yashi daga wani kwari, ya auna shi a tafin hannu, ya ce wa jagoran da akwai kwarya da ruwa da ya wanke masa baƙin kuza a gindinta, domin kuza ta fi yashi nauyi, ita ke zama idan sauran sun tafi. Abin da yake kira dutsen da ya dafu shi ne abin da littattafaina suka bayyana da dogon Turanci: bayan aman wutar ya lafa, narkakken dutse ya taso daga ƙasa ya daskare a cikin tsohon murhun, sa'an nan ruwa mai tsananin zafi ya bi tsagoginsa, ya sauya masa kama, ya ajiye kuza da tutiya a ciki. Na gaya masa haka. Ya ce, "To, ai mu ma mun san da wuta a ciki. Ba mu dai san shekarunta ba."

Mun isa kafaɗar dutsen gabas ta fara ja. Jagoran ya zaunar da Baba a kan bargonsa, ya juya shi saitin inda rana za ta ɓullo, ya koma gefe. Da farko duhu ne a ƙasanmu, sai carar zakaru daga ƙauyukan da ba ma gani. Can sai tsaunuka suka fara rabuwa da sama ɗaya bayan ɗaya, na ga yadda suka yi da'ira, abin da na sha zanawa a allo. Hayaƙin girki ya kwanta a kwari kamar an shimfiɗa farin zane. Sa'an nan rana ta leƙo, ja wur, ana iya kallonta ido da ido. Baba ya riƙa juya kansa sannu a hankali daga hagu zuwa dama, domin ɗan abin da ya rage masa na gani ba ya ɗaukar fili gaba ɗaya, sai ya tsince shi gutsure-gutsure. Ya yi haka sau uku. Ba wanda ya yi magana.

Daga nan ya ɗaga sandarsa ya nuna wani kwari daga kudu, ya tambayi jagoran ko har yanzu akwai maƙabarta a bayan rafin. Aka ce masa tana nan.

"Malam," ya ce, "kawunka yana can."

Na san Baba yana da ƙane da ya rasu yana saurayi, amma a gida cewa ake ya rasu a wurin cin rani, ba a ƙarawa. A ranar na ji sauran. Tare suka zo, Baba ne ya roƙi mahaifinsu ya bar yaron ya biyo shi. A raninsu na ƙarshe ramin da suka haƙa da hannu ya rufta, Baba yana sama yana jan guga, ƙanensa yana ƙasa. Shi ya tono shi, shi ya yi masa sutura, shi ya koma Kabo da jakar kaya biyu. Ya faɗi wannan duka da murya ɗaya, ba hawa ba sauka, kamar mai lissafin buhunan gyaɗa. Sa'an nan ya ɗaga hannu, mu ma muka ɗaga. Da muka sauko jagoran ya kai mu maƙabartar. Kabarin ya baje, ba a iya gane shi, amma Baba ya ce ba komai, ya ga wurin.

Washegari muka ɗauki hanyar Jos zuwa Bauchi, muka kwana, muka karya kwana a Dindima, muka shiga Yankari ta ƙofar Mainamaji. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga baƙi a 1962, kuma giwayensa sun yi suna, amma ruwan ne ya kawo mu. Wikki yana fitowa ne daga ƙarƙashin wani bangon dutse, cikin inuwar manyan itatuwa, garai-garai har ana ganin farin yashin ƙasansa. Zafinsa digiri 31 ne, dare da rana, rani da damina, kuma yana zubar da kimanin lita miliyan 21 kowace rana zuwa kogin Gaji. Mutane da yawa suna zaton aman wuta ne ke ɗumama shi. Abin ya fi haka sauƙi: ruwan sama ne ke nutsewa ta cikin dutsen yashi zuwa can ƙasa, inda zafi ke ƙaruwa da kusan digiri 25 zuwa 30 a kowace kilomita, sa'an nan ya samu tsaga ya dawo sama bai huce ba.

Na riƙe hannun Baba muka sauka matakalar. Ya tsoma ƙafa ɗaya, ya tsaya, ya tambaya wa ya hura wa wannan ruwa wuta. Na yi masa bayanin da na saba yi wa ɗalibai. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Ikon Allah. Ashe ƙasan da ta danne shi ɗumi gare ta." Ban sami abin cewa ba. Ya zauna a inda ruwan ya kai masa ƙirji, ya jingina, ya rufe ido. Birai na ta kai-kawo a kan rassa suna harin ledar ƙulinmu, yara 'yan makaranta daga Gombe suna ta iyo da ihu a can ƙasa, shi kuwa ya fi sa'a guda bai motsa ba. Ban taɓa ganin mahaifina zaune ba aiki a hannunsa ba sai ranar. Ruwan Wikki ba ya warkar da ido, ciwon gwiwar ma kwana kaɗan ya yi masa sauƙi ya dawo. Amma a daren ya yi barci har sai da na tashe shi sallah.

Mu Hausawa mun iya kula da tsofaffi ta fuskar tuwo da magani da sutura, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Abin da ba mu saba da shi ba shi ne mu tambayi tsoho ina yake son zuwa. Muna ganin hawan dutse don kallon fitowar rana aikin Turawa ne da marasa abin yi, alhali iyayenmu sun bar ƙuruciyarsu, wasu har da 'yan'uwansu, a wuraren da ba su fi tafiyar yini guda daga gida ba: ramukan kuza na Riruwai da Bukuru, gonakin audugar Funtuwa, layin dogo. Kowane ɗayansu yana riƙe da taswirar da ba ta cikin littafi, kuma ba a karɓarta a zaure, sai an taka wurin tare da shi.

Idon hagu na Baba ya rufe a azumin da ya wuce, na dama kuwa saura kaɗan. Yanzu idan aka ambaci Riruwai a majalisa ba ya juya zancen. Yakan gaya wa jikokinsa yadda tsaunukan suka kewaye kwarin, da inda rana ta ɓullo, da sunan kawunsu, wanda a da ba a faɗa a gidan. Ni kuma a ajina akwai ɗan ƙullin baƙin yashi da ya wanke mini da hannunsa a rafin Riruwai. Nakan zagaya da shi tebur-tebur, kowane ɗalibi ya auna nauyinsa a tafin hannu kafin in ɗauki alli. Bana ɗalibai bakwai ne suka dawo washegari suka ce kakansu ma ya yi aikin kuza. Na ce su koma su tambaye shi a wane gari, da wa suka tafi, kuma da wa suka dawo.