Wasiƙa zuwa ga Auta: aska ko injin aski

Agege, Legas

Zuwa ga ƙanena Auta,

  

Saƙonka ya iso. Ka ce adashenka ya fito, kana shawarar ko ka sayi injin aski kafin ka taho, ko ka tsaya kan aska kamar yadda Baba, Allah ya jiƙansa, ya koya mana. Amsata ita ce ka taho da zabirar Baba, injin kuma ka bari sai ka iso mu saya tare. Duk biyun za ka buƙata, amma kowanne da aikinsa.

Hausawa sun daɗe a Agege. Fataucin goro ne ya fara kawo su, da layin dogo ya isa Kano a 1911 kuma sai zuwa ya ƙaru, har aka wayi gari ga Zango, ga Sarkin Hausawa, ga jikokin da aka haifa a nan suna jin Yarbanci kamar ruwa. Dattawan wannan wuri ba su san wani aski ba sai na aska. Ranar Juma'a da hantsi za ka ga tsoho ya shimfiɗa buzu, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, yana jiran a jiƙa masa kai a yi masa ƙwal. Haka mahautan Oko-Oba da yawa. Ga kuma askin suna, wanda babu uwar da za ta yarda a ɗora wa jaririnta ɗan kwana bakwai inji mai ruri a kai. Wannan ciniki naka ne, don masu iya riƙe aska da sanyin hannu sun fara ƙaranci.

Sai dai samari sun fi dattawa yawa. Masu tuƙa keke, 'yan dako, ɗalibai, da maƙwabtanmu Yarabawa, duk saisaye suke so, a rage gefe a bar sama, irin wanda suka gani a kan 'yan ƙwallo. Aska ba ta yin wannan. In ba ka da inji, kana ji kana gani za su wuce ka.

Akwai wani dalilin da ya fi na ciniki. Gashinmu murɗaɗɗe ne. In aska ta yanke shi daidai da fata, bakinsa yana fita da tsini, sai ya lanƙwashe ya koma ya soki fatar, ita kuma ta kumbura. Nan ne asalin ƙurajen da kake gani a ƙarƙashin haɓar mutane da wuyansu, kuma zafi da gumin Legas suna ƙara hura su. Inji yana barin ɗan tsawo kaɗan, gashin ba ya samun hanyar komawa ciki. Don haka duk wanda ya zauna gabanka, ka fara shafa ƙeyarsa da haɓarsa da yatsa. In ka ji gudaji-gudaji, ka gaya masa gaskiya cewa aska ba tasa ba ce, ko da ya matsa. Na sha ganin ƙeyar da aka yi ta bi da aska a kan ƙuraje har ta zama tabo mai tauri, gashi bai sake fitowa ba.

Game da irin injin, kada ka sayi mai igiya kaɗai. Wuta tana zuwa tana tafiya, janareta kuma ya zama abin tsoro tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023; litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan watanni, ba ta kuma dawo ba. Mai caji za mu nema, wanda in ya cika zai yi aiki ko babu wuta, kana iya sa shi a zabira ka bi mutane rumfa-rumfa kamar yadda Baba yake yi ranar kasuwa. Kowa a nan Wahl yake ambata, kamfanin Amurka ne da ya faro tun 1919, amma jabunsa ya cika kasuwa, shi ya sa na ce kada ka saya kai kaɗai. Ka kuma kiyayi na hannu da aka shigo da shi daga Amurka. Wutarsu ba ta wuce 120, tamu kuwa 230 ce. Kana jona shi zai iya yin ƙauri ya mutu.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna na rubuta maka maimakon mu yi ta waya. Baba da aska ɗaya yake aske unguwa, ya goga ta a fata, ya ɗauraye, ya kira na gaba. A zamaninsa iyakar abin da aka sani ke nan, kuma ba wanda ya fi shi tsafta. Mu kuwa an sanar da mu abin da ba a sanar da shi ba. Ciwon hanta nau'in B yana bin jini, ƙwayarsa tana iya kwana bakwai da rai a busasshen jini a jikin ƙarfe, ɗigon da ido ba ya gani ma ya isa. Mutum yana ɗauke da shi shekaru bai sani ba, sai hanta ta lalace. Ko a Mina, masu aske alhazai da izinin hukuma sabuwar reza suke sa wa kowane mutum. Saboda haka askar Baba ka riƙe ta don tunawa da shi, aiki kuma da aska mai cin reza za ka yi. Ka ɗauko sabuwar reza a gaban wanda za ka yi wa aski, ka karya ta biyu tun tana cikin takardarta, ya ji ƙarar da kunnensa, ka zura rabin. Kana gamawa ka jefa ta cikin gwangwani mai murfi, nesa da hannun yara. Ba a mayar da ita ko mutum ya ce shi ɗan'uwan wanda ya tashi ne.

Kada ka ɗauka inji ya kuɓuta daga wannan. Yaran shaguna suna wasa bakinsa, suna matso da haƙoran har su daidaita, don layin goshi ya fita tsaf. Injin da aka yi wa haka yana yanka kamar aska, jini yana maƙalewa tsakanin haƙoransa tare da gashi, makero ma ta nan yake tsallakawa daga kan yaro zuwa kan wani. Wasu sukan watsa masa sifirit su kyasta ashana, wutar ta tashi ta mutu nan take, wanda ake yi wa aski ya ga kamar an yi wani abu. Ni ban yarda wannan ya wadatar ba. Ka kakkaɓe gashin da buroshi tukuna, ka jiƙa bakin da maganin kashe ƙwayoyin cuta ka bar shi ya jima, sannan ka ɗiga masa mai. Shi ya sa nake so mu sayi bakin inji biyu, ɗaya yana aiki ɗaya yana cikin magani. Layin goshi da gyaran fuska kuwa ka bar wa sabuwar reza, hannunka ya fi nasu.

Kai ma kafin ka taso ka je asibiti a gwada jininka, in babu komai a yi maka rigakafin ciwon hanta. Allura uku ce cikin wata shida, ka fara a can ka ƙarasa a nan. Mai aski ya fi kowa yanke yatsa.

In ka iso ka huta kwana biyu, sai mu hau sabon jirgin ƙasan cikin gari da ya fara jigila a 2024, daga tashar Agege zuwa Oyingbo, mu tsallaka Idumota mu duba kaya. Na yi magana da mai rumfar da ke kusa da masallacinmu, ya yarda ka kafa benci a gefensa. Ka sanar da ni ranar da za ka shiga mota. Ka gaida Inna, ka ce mata saƙonta yana hanya.

Naka,
Yayanka