Mu Bar Ƙofar Kwamfuta a Buɗe ko Mu Jira Sallama?

A wannan makon mu 'yan aji biyu na ƙungiyar 'yan jarida ne ke da allo, kuma mun zaɓi mu kawo muku wata muhawara da ta ci mana mako uku a ɗakin kwamfuta. Ko wanda bai taɓa leƙa ɗakin ba maganar ta shafe shi, domin sunansa da hotonsa da makinsa suna ciki.

Kwamfutoci huɗu gare mu. Uku na koyo ne, ɗaya kuma ta ofis ce, wadda ake ajiye sunayen ɗalibai da makin gwaji da hotunan 'yan aji uku masu shirin jarrabawar BECE. Duka da wutar sola suke aiki. Mai gyara mana su wani yayanmu ne, tsohon ɗalibin makarantar nan, wanda yake aiki a wani shago a cikin birnin Kano. A da, in kwamfuta ta ƙi aiki, sai dai a lulluɓe ta da ƙyalle a jira ya zo ganin gida ranar Lahadi, ranar kasuwar Dambatta. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya tashi, zuwansa ya ragu. Shi ya sa ya saka mana wata manhaja mai suna AnyDesk.

Ga yadda take aiki. Kowace kwamfuta tana samun lambarta, kamar lambar waya. In Yaya ya rubuta lambar a tasa kwamfutar, sai saƙo ya fito a fuskar tamu yana neman izini. Da an danna maɓallin amincewa, shi ke nan, yana Kano yana ganin duk abin da muke gani. Sai ka ga kibiyar linzami tana yawo ita kaɗai, tana buɗe wannan tana rufe wancan. Zai iya saka abu, zai iya gogewa, zai iya kwafe fayil ya kai wajensa. Wani kamfani ne na ƙasar Jamus ya fito da ita a 2014, kuma akwai irinta da ta riga ta, mai suna TeamViewer, ita ma daga Jamus.

Matsalar ita ce dole sai wani yana zaune a gaban kwamfutar ya danna. Yaya ba ya samun sarari sai bayan sallar isha, lokacin an daɗe da kulle makaranta. Sai ya kawo shawara: a saita manhajar ta riƙa tashi da kanta da zarar an kunna kwamfuta, a sa mata kalmar sirri guda ɗaya ta dindindin, a bar kwamfutocin da modem a kunne. Ta haka zai shiga duk lokacin da ya so ba tare da an danna komai ba. Malamin kwamfuta bai ce i ba, bai ce a'a ba. Ya ce mu tattauna tukuna, mu rubuta dalilanmu, shi kuma zai kai wa shugaban makaranta.

Muka rabu gida biyu. Masu goyon baya suka ce lokaci ake ɓatawa. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta, kuma yawancinmu babu inda muke taɓa kwamfuta sai nan. In ɗaya ta lalace mako biyu, mutum takwas ne za su taru a kan ɗaya, na baya ba ya ganin komai sai ƙeyar na gaba. Suka ƙara da cewa da damina babu mai zama bayan an tashi. Kowa na sauri ya kai abinci gona ko ya kama noman gero da gyaɗa, malamai ma da yawansu suna da gonakinsu. Wa zai zauna jiran saƙo daga Kano? Sannan in ta ofis ta tsaya ana tsakiyar rajistar jarrabawa, 'yan aji uku ne za su shiga uku.

Masu adawa kuwa da zaure suka fara. Suka ce a garinmu ko ƙanin mai gida ne ya zo, sai ya tsaya ya yi sallama an amsa kafin ya wuce ciki. Maɓallin amincewa shi ne sallamar. In aka cire shi, kalmar sirri ce kaɗai ta rage tsakanin makinmu da duniya. Babu wanda ya ce Yaya ba mai amana ba ne. Amma kalmar za ta zauna a cikin kwamfutarsa, a shagon da yaran aiki da masu kawo gyara ke shiga da fita. In aka sace ta, ko wani ya hango kalmar, zai shiga da tsakar dare muna barci. Zai iya canza maki, ko ya kwashe hotunan 'yan mata, kuma da safe ba za mu ga alamar an fasa kwaɗo ba.

Malam ya ƙara mana da abubuwa uku da suka faru. A watan Fabrairun 2024 kamfanin AnyDesk da kansa ya sanar cewa masu kutse sun shiga na'urorinsa, ya kuma shawarci mutane su canza kalmomin sirrinsu. A 2019 babban bankin ƙasar Indiya ya gargaɗi bankuna cewa 'yan damfara na sa mutane su sauke wannan manhaja a waya, su karɓi lambar, su kwashe musu kuɗi. A nan gida kuma, a watan Yunin 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda ta ɗora wa duk mai ajiye bayanan mutane nauyin tsare su, kuma ta ba bayanan yara kulawa ta musamman. Ke nan makaranta ce za a tambaya in wani abu ya fita.

Akwai kuma maganar wuta. Baturanmu sun fara tsufa, kuma da hunturu ƙura na rufe faifan sola sai mun hau mun goge. In kwamfuta huɗu suka kwana a kunne, darasin safe ne zai biya. Datar modem ma haka: manhajar ba ta cin da yawa in tana zaune, amma Windows na iya kama sabunta kanta cikin dare ta lashe abin da aka saya na wata.

Wata 'yar ajinmu ce ta warware mana. Ta ce a gidansu ana barin garma da fartanya a zaure, maƙwabci ya ɗauka ya yi aiki ya dawo da su, amma makullin rumbu yana wajen kakanta. Ai kwamfutocin ma ba ɗaya ba ne. Na koyo babu sirrin kowa a ciki, in sun lalace a goge a sake. Ta ofis ita ce rumbun.

A kan haka muka rubuta shawararmu, kuma shugaban makaranta ya amince. Ta ofis ba za a sa mata shiga kai tsaye ba. Duk ranar da za a gyara ta sai malami yana zaune yana kallo, ko da Asabar ce. A cikin na koyo, ɗaya tak za a bari a kunne da dare, ita ma sai ranar da aka yi alkawari da Yaya ta waya. Kalmar sirrin za ta zama doguwa, ba sunan makaranta ko shekarar haihuwar wani ba, kuma za a canza ta kowane zangon karatu. An kuma saita manhajar ta ƙi kowace lamba in ba ta Yaya ba. Mun ajiye littafi da za a riƙa rubuta ranar da aka shiga da abin da aka gyara. Da Malam ya kira Yaya ya faɗa masa, bai ji haushi ba. Ya ce hakan ma ya rage masa nauyi.

Har yanzu wasunmu na ganin an tsaurara, domin gyaran ta ofis zai riƙa ɗaukar kwanaki. Suna da gaskiyarsu, shi ya sa aka yarda za a sake duba tsarin a ƙarshen zango.

Saƙonmu ga kowa shi ne ku kai wannan magana gida. Iyayenmu da yayyenmu da yawa yanzu kuɗinsu a waya yake. In wani ya bugo ya ce daga banki yake, a sauke wata manhaja a karanta masa lamba, a kashe wayar a je banki da ƙafa. Mai ra'ayi a kan hukuncin da aka yanke ya rubuta ya jefa a akwatin ƙungiya kafin ranar Alhamis, za mu liƙa mafi kyau guda uku a mako mai zuwa. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, amin.

Daga wakilan aji biyu, Ƙungiyar 'Yan Jarida.