Hutu a tsibirin Kos: rana, magani da abin da za a sa a jaka

Yara sun kusa samun dogon hutu, kuma wasu iyalai sun fara lissafin fita waje. Bara ni da maigida da 'ya'yanmu biyu mun yi kwana takwas a Kos, ɗaya daga cikin tsibiran Girka, wanda gaɓar Turkiyya ke kallonsa daga nisan kilomita kaɗan. Ni na zaɓe shi, kuma son kai ne ya sa: nan ne mahaifar Hipokratis, wanda littattafan Larabci ke kira Buƙrat, likitan da aka haifa wajen shekara 460 kafin haihuwar Annabi Isa, har yau kuma ana kiransa uban ilimin likitanci.

Maganar takardu ba ta da tsawo. Girka tana cikin ƙasashen Shengen, don haka sai da biza, kuma ba a ba da ita sai da inshorar lafiya wadda za ta iya ɗaukar aƙalla Yuro 30,000. Ana iya nema tun saura wata shida, kuma wanda ya bari sai Yuni ya takura kansa. Daga nan ana ratsawa ta Istanbul ko Alƙahira ko Doha zuwa Atens, sannan a hau ƙaramin jirgi na kamar awa guda, ko jirgin ruwa daga tashar Firayos wanda kan kwana a hanya.

Abin da ya fi damuna shi ne rana. Mu da muka san zafin Afrilu, idan aka ce mana Turai na da zafi sai mu yi murmushi. Ni ma na yi. Amma a Yuli da Agusta babu hadari a sararin Kos, babu ruwan sama, kuma wata iska da suke kira meltemi tana kaɗawa daga arewa kusan kullum. Iskar nan ita ce mayaudariya. Tana busar da gumi kafin ka ji shi, sai mutum ya yi ta yawo yana jin daɗi alhali ruwan jikinsa na ƙarewa. A rana ta biyu muka hau Asklefiyon, kufan tsohon gidan jinya da ke kan tudu kamar kilomita huɗu daga gari, da misalin sha biyun rana. Matakala ce hawa-hawa, inuwa kaɗan. Kafin mu sauko ƙaramarmu ta yi laushi, kai na ciwo, leɓe ya bushe. Ruwan gishiri da suga na leda da ke jakata shi ya taimake mu, amma laifina ne, ni da ke yi wa mutane wannan nasiha a bakin kanta. Abin ba wasa ba ne: a Yunin 2024 wani fitaccen likitan Ingila mai gabatar da shirye-shirye a talabijin, Michael Mosley, ya fita tattaki da tsakar rana a tsibirin Simi da ke yankin, sai gawarsa aka tsinta bayan kwana huɗu.

Daga ranar muka koma bin tsarin 'yan gari. Yawo da safe kafin sha ɗaya, a koma ɗaki a yi ƙailula, a sake fitowa bayan biyar. Babu asara, domin rana ba ta faɗuwa sai wajen takwas da rabi. Wannan kuma yana nufin Isha'i takan kai goma na dare, Asuba kuma tun ƙarfe huɗu da 'yan mintoci.

Baƙar fata ma tana ƙonewa. A nemi man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama, a sake shafawa bayan kowace awa biyu da kuma bayan fitowa daga ruwa. 'Yar'uwa, idan kina shafa man bilicin, fatarki ta rasa garkuwarta, ranar can za ta bar miki tabon da zai daɗe. Masu shan doksisaikilin su ma fatarsu na saurin ƙonewa. Masu hawan jini da ke shan ƙwayar da ke sa yawan fitsari, su ga likitansu kafin tafiya, kuma kada su tsayar da magani da kansu.

Yanzu jakar magani. Kowane magani ya tafi a kwalinsa na asali, tare da takardar likita mai ɗauke da ainihin sunan maganin, domin sunan kamfanin da muka saba da shi a nan ba lallai su san shi ba. A ƙara na mako guda a kan kwanakin tafiya, a riƙe shi a jakar hannu. Insulin musamman kada ya shiga cikin kayan awo, sanyin ƙasan jirgi na iya daskarar da shi, kuma kada a bar shi a mota a rana. Kodin da tiramadol suna ƙarƙashin dokar miyagun ƙwayoyi a Girka. Wanda ba likita ne ya rubuta masa ba, ya bar su a gida, har da maganin tari mai kodin. Agogon Girka a wannan lokaci yana gaban namu da awa biyu, masu maganin da ke da ƙayyadadden lokaci su lura.

Kantunan maganinsu suna da alamar koren kuros, ma'aikatan kuma yawanci suna jin Turanci. Da yawa sukan rufe da rana da ƙarshen mako, amma akan manna sunan kantin da ke aiki a jikin ƙofa. Ba za a sayar maka da maganin kashe ƙwayoyin cuta ba sai da takardar likita, abin da ni dai ya burge ni. Lambar gaggawa 112. Idan zazzaɓi ya kama wani, abin da za ku fara gaya wa likita shi ne daga Najeriya kuka zo. Cizon sauron Abuja na iya bayyana a Kos, kuma likitan da ba ya ganin maleriya kullum zai iya ɗauka zafin rana ne. Mai jiri a jirgin ruwa ya sha maganinsa kamar awa guda kafin tashi, ya kuma san cewa zai sa shi barci.

Ruwan kwalba muka riƙa sha. Takardar banɗaki a kwando ake jefawa, bututunsu sirara ne. Ku tafi da 'yar buta, da kan soket mai ƙafa biyu zagayayyu.

Abinci kuwa sai an tambaya. Tsirensu da ake kira suflaki da giros mai kama da shawarma, galibi naman alade ne. Kalmar alade ita ce hirino, kaza kuma kotofulo. Kifi da wake da salak mai cuku da zaitun sun ishe mu kwana uku, kafin muka gano Filatani, ƙauyen da ke hanyar Asklefiyon, inda Musulmi 'yan asalin Turkiyya ke zaune tun zamanin Daular Usmaniyya. Suna da masallaci, kuma a dandalin ƙauyen akwai gidajen abincinsu. A cikin gari ma akwai tsofaffin masallatai biyu, ɗaya dab da itacen da ake cewa Buƙrat ya koyar a gindinsa, ko da yake itacen na yanzu bai wuce shekara 500 ba. Girgizar ƙasar Yulin 2017 ta yi musu ɓarna.

A bakin tasha za ku ga masu tallar kai ku Bodrum ta Turkiyya ku dawo a yini guda. Maigida ya so, har ya fara ciniki, sai na buɗe fasfo. Bizarmu ta shiga sau ɗaya ce, da mun ƙetara ba za mu iya dawowa Kos ba, ga kayanmu da tikitinmu na komawa gida duk a nan, kuma Turkiyya ma tana da tata bizar. Daga bakin ruwa muka kalli fitilun Bodrum, yara na shan askirim.