Da Muguwar Rawa Gara Ƙin Tashi

Duk wanda ya girma a Zariya ya san ƙarar ƙananan jiragen nan na Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama, wadda aka kafa tun 1964. Lokacin da muke firamare, da mun ji su sai mu fito da gudu muna ɗaga hannu, wai ko matuƙin zai hango mu. Ni dai ban taɓa sa wa raina cewa zan zama matuƙi ba, domin na san kuɗin karatun ya fi ƙarfin gidanmu. Da Allah ya sa na samu tallafin karatu, sai na zo birnin Toulouse da ke kudancin Faransa, inda ake harhaɗa jiragen Airbus. Yanzu shekarata 20, ina aji biyu a jami'a, ina karanta injiniyancin lantarki.

A nan na gano cewa akwai mutanen da ke tuƙa jirgi don nishaɗi kawai, kamar yadda wasu ke kiwon tantabara ko hawan doki. Wani abokin karatuna ne ya kai ni wani ƙaramin fili a bayan gari, mai titin tashi na ciyawa da rumfar kwano. A cikin rumfar na ga jirage marasa nauyi, waɗanda Faransawa ke kira ULM. Ba sa ɗaukar fiye da mutum biyu, kuma nauyinsu da mai da mutanen ciki bai wuce kimanin rabin tan ba, wato ƙaramar mota ta fi su nauyi. Kowace ƙasa da dokarta a kansu. A Amurka, tun 1982, mutum na iya tuƙa mai kujera ɗaya ba tare da lasisi ba, muddin nauyinsa bai wuce kilo 115 ba, tankinsa kuma bai wuce lita 19 ba. A Faransa kuwa dole ka ci jarrabawar rubutu, malami kuma ya shaida ka iya. Ɗan shekara 15 ma na iya samun wannan takarda, wato sa'an da yawa daga cikinku.

Na shiga ƙungiyar. Ba abu ne mai arha ba. Ina wankin kwanuka a wani gidan abinci Asabar da dare, kuma abin da na tara a mako biyu shi ke biya mini darasin awa ɗaya. Malamina dattijo ne mai furfura, ba ya son yawan magana. Ranar farko ma bai bar ni na shiga jirgin ba sai da muka zagaye shi sau biyu da takarda a hannu. Mun duba farfela ko ta tsage, mun duba man inji da tayoyi da kusoshin fuka-fuki, mun tsiyayo fetur kaɗan a kwalba don mu ga ko ruwa ya shiga. Ya ce da ni, "A ƙasa ake gyara jirgi, a sama babu gefen titin da za ka tsaya."

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne yadda darussan da na raina a sakandare suka biyo ni har nan. Fiffike ba ya ɗaga jirgi sai iska na ratsa shi da isasshen gudu. Idan ka ɗaga hancin jirgi ya yi yawa, gudu ya ragu, sai iskar ta daina bin bayan fiffiken, jirgin ya sunkuya ƙasa. A wanda nake koyo da shi, hakan na faruwa ne idan gudu ya sauko wajen kilomita 65 a awa. Shi ya sa ake fuskantar iska wajen tashi da sauka. Idan kuma iskar daga gefe take zuwa, sai ka karkata hancin jirgin wajenta kafin ka tafi a miƙe, wanda shi ne lissafin bektan nan da malamin fizik ya yi ta zana mana a allo ina gyangyaɗi. Ranar da ake zafi sosai iska kan yi sako-sako, jirgi ya buƙaci titi mai tsawo kafin ya ɗaga. Wannan ma an koya mana, na haddace don jarrabawa, na manta.

Sai da na yi wata uku ina koyo kafin na iya faɗa wa Umma. Ta yi shiru a waya har na zaci layin ya katse, sannan ta ce, "Auta, karatu na tura ka ko wasa da rai?" Na yi ta bayani. A ƙarshe ta ce ba za ta hana ni ba, amma in yi mata alkawarin abu ɗaya: duk ranar da zuciyata ba ta kwanta ba, kada in tashi. Na amsa da sauri don dai a wuce wurin, ban ɗauka alkawarin zai taɓa yi mini nauyi ba.

Bayan wata takwas, malamina ya ce na kai in tashi ni kaɗai. Wannan ita ce ranar da kowane ɗalibi ke jira. Muka tsayar da wata Lahadi. A nan na yi wauta, domin na sanar da kowa. Na rubuta a zauren WhatsApp na gidanmu, na gayyaci abokaina uku 'yan gida da muke karatu tare, suka biya kuɗin mota suka biyo ni, ɗaya har da aron kyamara.

Yankin Toulouse yana da wata iska da ke tasowa daga kudu maso gabas, ta wajen Bahar Rum. Suna kiranta Autan. Ranar da na fara jin sunan na yi dariya, na ce ashe ina da takwara a nan. Iska ce mai fizga, takan lafa kamar ta tafi, sannan ta dawo da ƙarfi. Da safe shiru ake. Kafin mu gama duba jirgi, doguwar jakar nan mai ja da fari da ake ratayewa a sanda don nuna iska ta fara miƙewa tana faɗuwa, kuma tana nuna iskar na ratsa titin ne ta gefe.

Muka zaga fili sau biyu tare da malamina. Saukar farko ta yi kyau. A ta biyu iskar ta ture mu gefe, tayar hagu ta fara dira, jirgin ya yi tsalle kafin na daidaita shi. Da muka tsaya, ya kwance ɗamararsa, ya dubi jakar iskar, ya dube ni. Ya ce iskar tana daidai bakin iyakar da yake yarje wa ɗalibi, ya tambaye ni, "Me ka gani?"

Na hango abokaina a bakin shinge, kyamara a sama. Na tuna mutanen gida da ke jiran bidiyo, na tuna kwanukan da na wanke. Raina yana ce mini zagaye ɗaya ne kawai, minti shida ka sauko. Amma na san wani abu guda. Idan malamina ya fita, jirgin zai rage nauyin mutum guda, iskar kuma za ta fi samun damar wasa da shi. Na kuma san cewa da babu kowa a bakin shingen nan, da ko shawara ba zan tsaya yi ba. Tafin hannuna ya jiƙe da gumi. Na kashe inji, na ce, "Malam, ba yau ba."

Bai yabe ni ba, bai kuma ce komai ba. Ya taya ni tura jirgin cikin rumfa. A mota kuwa na sha tsiya. Ɗaya ya ce Bazazzagi ya ji tsoron iska, wani ya ce in biya shi kuɗin motarsa. Na yi dariya tare da su, amma abin ya ci mini rai ƙwarai. Da dare na kira Umma na ce ban tashi ba. Ta ce, "Alhamdu lillahi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi." A zauren gida kuwa wani yayana ya sa hoton kaza.

Sai bayan kwana goma sha biyu, wata Juma'a da sassafe, na tashi ni kaɗai. Babu kowa a filin sai malamina da rediyo a hannu, jakar iska kuma tana rataye kamar wankin da ba a matse ba. Jirgin ya ɗaga da wuri fiye da yadda na saba. Na dubi kujerar da ke gefena na ga babu kowa, na yi bisimilla a karo na biyu. Na zaga, na sauka lafiya. Babu hoto ko ɗaya. Da yake sa hannu a littafina, malamina ya ce tun waccan Lahadin ya yanke cewa zai iya ba ni jirginsa, kuma da na ce zan tashi, da shi ne zai hana ni.

Ƙannena, na san ba kowa ne zai samu filin jirgi a bayan garinsu ba. Amma bakin shingen nan kowa ya san shi. Shi ne abokan da ke zuga ka ka ɗaga tayar babur ranar biki, ko ka faɗa kududdufi da damina alhali ba ka iya ruwa ba. Tambayar da na yi wa kaina a cikin jirgi tana aiki a nan ma: da babu mai kallo, zan yi? Wanda kuma yake sha'awar jirgi da gaske, ya riƙe fizik da lissafi da labarin ƙasa, ya fara da ƙera na kwali ko na soso yana gwadawa. Kada wani ya haɗa ƙarafa da injin babur ya ce zai hau, domin tashi ba ya yiwuwa sai da malami da izinin hukuma.

Har yanzu ban gama ba. Saura jarrabawar rubutu, kuma ko na ci, sai na sami wani izini daban kafin in ɗauki fasinja. Na faɗa wa Umma ita ce ta farko da zan ɗauka. Ta ce in dai fara kawo mata sakamakon wannan zangon karatu tukuna.